Haƙora Goma

Kwana goma sha ɗaya tana kwance kan buhu,
cikinta a buɗe, a inuwar dalbejiyar Domayo.
Mu a Marwa bwat muke ce mata,
direbobin Mubi su ce giyabos.
Ita dai ba ta amsa ko ɗaya,
ta yi shiru da nauyin buhun gero.

Landirobar ta girme ni da shekara tara.
Yau ba kujera a cikinta, ba daɓe,
in ka leƙa ta ƙofa, ƙasa za ka gani
da kaza tana tono inda ƙafar direba ke zama.

Mai ita, Hamajoda likitan shanu,
ya zo sau biyu tun safe, bai ce komai ba,
gabas kawai yake duba.
In ruwa ya riga shi cika mayo,
garken bayan Bogo sai kaka su ga allura.

Muka zura bututun ƙarfe ƙofa zuwa ƙofa,
Njidda ya sa kafaɗa a dama, Tize a hagu,
igiya ta ɗauke ta tana lilo.
Ni ina tsugune a tsakani,
man giya har gira,
warin da sabulu ke gaisarwa ya wuce.

A sauke. Kaɗan. Tsaya!
Hancinta ya sami bakin kuloci,
ya shiga, ya shiga, ya cije.
Saura yatsa biyu.

Na girgiza, na tura da gwiwa,
na ambaci kakanta a zuci.
Tize ya ce kafaɗarsa ta mutu.
Saura yatsa biyu.

Sai na miƙa hannu ga sufana:
in ɗaura noti, in jawo ta dole.
Ƙarfe ya ce ƙil a cikin akwati.

"Ajiye."

Baba Garga ne, daga kan benci.
Shekara huɗu ke nan yana ta rufe masa ido,
amma kunnen nan ya san sufana sha uku
da sufana sha huɗu tun kafin su bar akwati.

"Mai jan ta da noti, gobe zai sayi kuloci.
Sa ta a ta huɗu. Kama bayanta ka murɗa,
sannu, kamar mai neman tasha a rediyo.
Haƙora goma ne can, goma ne nan.
Ba faɗa suke ba,
ba su ga juna ba ne."

Na murɗa faɗin ƙwayar dawa.
Na ƙara.
"Ta zauna," in ji shi,
kafin hannuna ya ji ta zauna.

Sauran aikin na la'asar ne:
farfelar gaba, farfelar baya,
wayar gudu da ba ta taɓa faɗin gaskiya ba,
sanda mai jan kai, sanda mai rawaya.
Da na kakkaɓe buhu, noti ɗaya ya faɗo.
Cikina ya ɗuri ruwa.

Baba ya karɓa, ya shafa da babban yatsa,
ya yi dariya har da tari.
"Sau uku na sauke ta a rayuwata,
sau uku wannan ya rage.
Mai da shi gwangwaninsa."

Ba mu jira kujeru ba.
Na zauna kan jarka, shi kan tayar safaya,
tafinsa a kan hannuna, hannuna a kan giya.
Ta ɗaya ta yi gurnaninta na tsufa.
Ta biyu ta shige kamar cokali a kunu.
Wajen gadar Kaliyawo ya ce in sa ta uku,
ya karkata kai, ya daɗe yana saurare.

Ɗigo ɗaya ya faɗo kan gilashi,
sai na biyu.
Na murɗa waifa, ko motsi.
"Wannan," in ji Baba, "aikin gobe ne.
Kai wa mutumin nan motarsa."