Ƙararrawar da Muka Zuba a Muradabad

A lungunmu, kusa da kogin Ramganga,
ba zakara ke tada asuba ba,
zugazugin babana Shamshad ne,
yana huci cikin ramin wuta
kamar tsohon bijimi da aka ɗaure.

Yakan ce, "Naushad, tagulla ba a haƙo ta.
Haɗa ta ake yi.
Jan ƙarfe kashi biyu, tutiya kashi ɗaya.
Ka cika tutiya, ta yi fatsi-fatsi, ta yi taurin kai.
Ka rage, ta yi ja kamar idon wanda bai yi barci ba."

Tutiya kuwa ba ta da haƙuri.
Da ta ji wuta sai ta nemi hanyar gudu,
farin hayaƙi, ta bi ta hanci ta sauka a ƙirji,
da dare ta zo da zazzaɓi da ɗanɗanon kwabo a baki,
gari na wayewa ta sake ka,
ka koma bakin ramin.

Ranar Laraba Kallu ya kawo buhun tarkace:
kan famfo, mariƙin ƙofa, tulun wata tsohuwa
da sunanta a zane a wuyansa,
rabin kakakin 'yan badujala.
Can ƙasan buhun, kwanson harsashi.
Na ƙirga arba'in da ɗaya.
Baba bai tambayi inda suka faɗi ba,
ya ɗora su a sikeli tare da tulun.

Girdari ne ya yi odar ƙararrawa,
mai sharar ɗakin bautarsu a ƙetaren gada.
Alƙiblarmu daban, tasa daban,
amma kakana ya zuba wa kakansa fitila,
har yau bashin shayi ke yawo tsakanin gidajen biyu.

Muka kwaɓa baƙin yashi da ruwan rake,
muka danna, muka cire siffa, muka bar gurbi.
Na riƙe awartaki, hannuna na rawa.
Ruwan ya sauko kamar an tsiyayo hantsi.
Tulu da harsashi, a nan kowa ya manta sunansa.

Shekara talatin ta guduma ta cinye kunnen Baba.
In zai gwada ƙararrawa sai ya sa haƙori a bakinta,
ya ce in buga.
Na buga.
Ya rufe ido, ya jima,
ya ce, "Akwai iska a cikinta. Fasa."
Aikin kwana uku.
Na yi gunaguni, sanin ba ya ji.
Ya dube ni, ashe leɓe yake karantawa.

Ta biyu ta fito sumul.
Inna Ruksar ta murje ta da tsamiya da toka
har sai da fuskarta ta leƙo daga ciki.
Ta ce tsatsa ba ta cin tagulla,
sai dai ta yi kore in an manta da ita,
kamar zumunci.

Yanzu duk almuru tana kaɗawa daga ƙetare,
jim kaɗan kafin ladanmu ya gyara murya.
Nakan kasa kunne ko zan ji arba'in da ɗayan nan,
ko da ƙara ɗaya ce ta ɓuya a ciki.
Tulun kawai nake ji,
sautin ruwa ana juyewa.

Baba yana wanke ƙafa a bakin ƙofa.
Ya ɗago kai ya ce, "Ta buga?"
Na gyaɗa.
Ya taɓa haƙorinsa da harshe,
ya ci gaba da alwala.