Hanya Babu Rami

Ƙarfe biyun dare na gan ta a talho,
ina kwance kan tabarma a Garin Malam.
An ja wa jika ɗari shida jan layi,
an rubuta ɗari huɗu da ashirin a ƙasa,
ga ɗan agogo yana cin daƙiƙa:
saura awa tara ragin ya ƙare.

Bazara uku ina sai da ƙanƙara a Kasuwar Dole,
ina kallon riba tana ɗiga ta gindin buhu.
Abin da bai narke ba shi na tara.
Na latsa.
Yatsa bai yi rawa ba, ciki ne ya kaɗa.

Mutari ya ce a fada, yana ɗaga butar shayi sama:
"Ka sayi tsuntsu yana tashi.
Bulo biyu za su naɗo maka a kwali."
Aka yi ta dariya har gawayi ya mutu.

Kwana goma sha bakwai.
Ta sauka Yamai, 'yan duwan suka ci nasu,
ragin ya rame kamar akuyar rani.
Ta hau bas tsakanin albasa da keken ɗinki,
Doso, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa,
ina bin ta da kira kamar mai jiran haihuwa.
Na ɗauko ta kan kabu-kabu a rungume,
ina ce wa yaron: sannu dai, ƙwai ne.

Ba bulo ba ne.
Baƙin akwati ne mai cikin gilashi,
fanka uku na juyi da shuɗi da ja da algashi.
An haɗa komai tun can, wuta kawai na ba ta.
Inna Cima ta leƙo: "To, ina kifin?"

Baba bai leƙo ba.
Shekara talatin da ɗaya yana jan kamiyo
daga Damagaram zuwa Agadas,
har gwiwa ta ƙi, aka karɓe makulli.
Ta bayan labule ya ce:
"Kuɗin rabin fili a abin wasan yara,
a gidan da ake sayen ruwa garwa-garwa."
Ban amsa ba. Da gaskiyarsa.

Dare uku reso na ɗigo mini wasa
kamar famfon unguwarmu ranar da ya ga dama.
Na huɗu na buɗe wanda aka ba ni gyara,
ba na harbi ba, na tuƙin babbar mota.
Kwanar farko na kife da kaya a bakin gada.

"Ba haka ake shiga kwana da tirela ba."
Yana tsaye bayana da butar alwala.
"Buɗe, ka ba wutsiya wuri. Kai, tashi."

Ya zauna. Na nuna masa maɓalli huɗu.
Ya yi bisimilla irin ta fita daga Tanut da asuba,
ya dubi madubin dama, ya dubi na hagu.
"Wannan hanya ƙarya ce," in ji shi,
"ba rami ko ɗaya, ba jandarma,
ba raƙumi tsaye yana tuƙa a tsakiya."
Amma bai tashi ba.
Kafaɗarsa na bin kowace kwana,
ƙafarsa ta dama na neman birki a kan siminti.

Saura kaɗan mu kai kaya, wuta ta ɗauke.
Fankoki suka yi tsit, ɗaki ya koma tanda.
Ina jin numfashinsa,
ina jin kare can bayan duwatsu.

Sai ya ce: "Yaron mota,
leƙa ka ga ko mitarmu ce ko layin duka.
Kayan mutane ne a bayanmu,
ba a kwana da su a daji."

Na kai bakin ƙofa ya ƙara,
murya ƙasa-ƙasa kar Inna ta ji:
"In ka dawo, duba mini a talhon nan
nawa suke sai da sitiyari.
Mai jan layin nan nake nufi."