Macijin Tagulla

Ranar Alhamis, bayan la'asar,
ina kashe wutar maƙera da ragowar ruwan buta,
Ranau ya shigo rumfata a 'Yar Kutungu
da buhu a kafaɗa, da gajiyar motar Kafur a fuska.

Ya shimfiɗa takardar siminti a kan benci.
Wani ya zana masa da gawayi:
ganga, murfi, sai bututu
ya nannaɗe sau bakwai kamar kububuwa a gindin randa,
bakinsa na kallon kwalba.

"Na turare ne," in ji shi. "Mai ɗakina ke so."
Ban ce ƙarya ce ba, ban ce gaskiya ce ba.
Hancina dai ya riga kunnena:
tsamin tsiron dawa na bin rigarsa
kamar ɗan akuya bayan uwarsa.

Na ce tagulla tsada gare ta bana.
Ya yi dariya, ya zazzage buhu:
lagireton tsohuwar Fijo, duk ya yi kore,
daga wurin 'yan gwangwan, dubu biyu da ɗari biyar.
"Yanko min hanjinsa, ka liƙe da dalma,
ai bututu bututu ne."

A'a, Ranau.
Ni na san abin da ƙarfe ke riƙewa a ciki.
Tukunyar da ta taɓa dafa daddawa
ko ka wanke ta da toka sau goma, sai ta tona.
Dalma kuwa ba ta gardama da zafi,
saki take a hankali, ta bi ɗigo,
ta sauka a kwalba, garau kamar hawaye.

Kawuna Mantau ya fi ni sani.
Shekara ashirin da shida yana tufkar igiya
a inuwar bedi, wajen Ƙofar Guga,
yatsunsa ne ke gani.
Kofi ɗaya ne, a wani biki bayan bariki,
na farkon ɗigowa, daga gangar da ba wanda ya tambaya
me ta ɗauka kafin ta zo.
Ya kwanta da ido, ya tashi yana faɗa,
wai wa ya kashe fitila.

To ga ni, tsakanin masaba da uwar maƙera.
In na nannaɗe masa tagulla mai tsabta,
malaminmu na zaure ya karanta mana tun muna yara:
mai tatsar ta, da mai ɗaukar ta, da wanda aka kai wa,
duk tabarma ɗaya.
In na ce a'a, lagireton nan zai hau murhu ranar Lahadi,
ɗan wani ya sha.
Wanne ne nawa a ciki?
Ubana ya koya min gane zafin ƙarfe daga launinsa,
bai koya min wannan ba.

Na ce, "Sayar min da shi."
Ya ce, "Me?"
Na ce, "Dubu huɗu."
Kuɗin cefanen Juma'a ne, amma na ƙirga masa.
A gabansa na ɗora shi kan uwar maƙera,
na yi ta dukansa har ya koma faifai.
Wani koren ruwa ya tsiyaya ƙasa,
tururuwa ma suka kauce masa.

"Bututun fa?"
"Ba ni da tagulla."
Tana nan bayan ƙyaure, gammo guda, tana jin mu.

Ya naɗe takardarsa. Bai yi fushi ba,
har ya ce in gaida gida.
Na bi shi da ido, rumfa ɗaya, biyu, uku,
ya sunkuya ya shiga ta Ilu mai walda.

Ina alwalar magariba gudumar Ilu ta fara,
ƙwan, ƙwan, ƙwan.
Na tsaya da ruwa a tafin hannu har ya zurare,
ina kasa kunne ko zan gane daga amon:
tagulla yake duka,
ko wani lagireton.