Ƙusa Ɗaya Ta Rage

Ni ban iya zane ba.
Gara in faɗa tun da wuri, kada a sa mini rigar da ba tawa ba.
Ina ɗan shekara tara na zana jirgin ruwa,
malam ya ɗaga takardar ya ce, "Eulogio, takalmin wane ne wannan?"

Amma a shekarar nan, a bakin tashar Valparaíso,
wata mata mai yatsu huɗu a hannun dama
ta kafa allo tana kallon masunta.
Ta ce in riƙe mata gwangwanin ruwa.
Na riƙe har hannuna ya sage.
Na ga ta ɗebo shuɗi ta sa a inuwar kifi,
ta ɗebo ja ta zuba a teku.
Na ce, "Ai teku ba ja ba ce."
Ta ce, "Sake dubawa."
Shekara saba'in ke nan ina sake dubawa.

Aikina jan akwatin ƙarfen da ke hawa tudu da mutane,
sama, ƙasa, sama, ƙasa, shekara arba'in da ɗaya.
Ɗaliban zane kan shigo da allunansu a hammata,
sun kifa fuskar aikin a jiki kamar masu ɓoye gyambo.
Sai in ce, "Juyo da shi mu gani."
Tafiyar minti biyu ce. Takan ishe ni.

Na farko da na saya na Amaro ne, ɗan mai gasa burodi:
kare na barci a kan matakala, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo.
Kuɗin takalmin hunturu na ba shi.
Herminia ta dubi karen, ta dubi ƙafata,
ta kwana uku tana dire mini abinci ba magana.
A na huɗu na same ta tana share masa ƙura da hannun rigarta.

Yanzu a Santiago sai an bi layi ake ganin aikin Amaro.
Ya aiko mini da kati, na je sau ɗaya.
Ƙafafun karnukansa duk sun daidaita.
Na taya shi murna, na bi motar dare na dawo.

Ni ɗanyen nake so,
wanda fentinsa ke bin yatsa,
wanda mai shi bai san kuɗin da zai faɗa ba,
ya ce dubu goma, kunya ta kama shi, ya ce to biyar.
Da yawansu sun bari.
Nelda na ƙirga kuɗi a banki.
Fermín, teku ta tafi da shi.
Wani ma sunansa ya ɓace mini, sa hannunsa ya koɗe,
amma tagarsa mai ruwan lemo tana nan daura da gadona,
ita nake fara gani da asuba
kafin in tuna Herminia ba ta nan.

Daren da ƙasa ta girgiza, goma sha bakwai suka zubo.
Maƙwabta na fita da yara da barguna,
ni ina rarrafe cikin duhu
ina tsince gilashi daga fuskar wata tsohuwa
da ban taɓa sani ba sai a fenti.

Jiya a dandalin gindin tudu
wata yarinya, Rayén, ta baje aikinta uku a ƙasa,
ta danne su da duwatsu saboda iskar teku.
Mutane na ta tsallakewa.
Na tsuguna, gwiwa na kuka.
Igiyar shanya kawai ta zana, da rigar lebura guda,
amma iska ta cika rigar
kamar mai ita bai gama fita daga ciki ba.
Ta ce, "Kaka, ban ƙarasa shi ba."
Na ce, "Na sani. Nawa?"

Bango ya cika, har bayan ƙofar kicin.
Ƙusa ɗaya ta rage, wadda nake rataye hula.
Na sauke hular, na sa a kaina.
Dama sanyi ya fara shigowa.