Kwandon Laraba

A Fabrairu na biya kuɗin,
ƙasa na barci, sanyi ya ɗaure ta tamau,
babu ganye ko ɗaya a kan tudun Mornant.
'Yata ta ce, "Baba, wannan ai cinikin biri a sama ne."
Na ce mata, bari dai mu gani.
Shekara talatin ina tuƙa bas a Lyon,
ban taɓa ganin hannun da ya shuka abin da nake ci ba.

Mu arba'in da biyu muka sa hannu.
Solange Perrachon ta ninke takardar, ta cusa a aljihu.
Da kuɗinmu ta sayi iri,
ta ɗinke rufin rumfar tumatir,
bana ba ta je ta durƙusa wa banki ba.

Larabar fari, a harabar makaranta:
latas da raɓarsa, albasa da ƙasarta a gindi,
sai wani dunƙule mai ƙahoni, kore-kore,
na juya shi, na shinshina,
kamar wanda aka miƙa wa wasiƙa bai iya karatu ba.
Araksi, tsohuwar hawa na huɗu,
wadda shekara tara da kai kawai muke gaisawa a matakala,
ta ce, "Fere shi, ka yanka siri-siri,
gishiri kaɗan, man zaitun."
Tun rasuwar Colette, ruwan shayi kaɗai nake ɗorawa.
A daren nan na wanke tukunya.

Na koyi jira.
Wake na da ranarsa, tumatir na da tasa,
wanda ya nuna a uwarsa ba ya buƙatar talla.

Sai Yuli ta zo da ƙanƙara.
Minti goma sha biyu kacal,
kowace ɗaya kamar ƙwan tattabara.
Larabar nan kwando ya zo sakayau:
dankali shida, ganye yagagge, tafarnuwa guda.
Solange na tsaye, hannu a baya, ido a ƙasa,
tana laluben kalmar ban-haƙuri.
Timothée, yaron nan mai keke, ya riga ta:
"Ranar da ya cika ya zuba, kin ba mu haƙuri?
Shekara muka saya, ba kwando ba."
Shiru.
Kowa ya ɗauki shidansa.
Ba wanda ya tambayi kuɗi.

Asabar muka hau tudun, mu goma sha tara,
da malamar makaranta, da mai gyaran haƙori,
da ni da gwiwar nan tawa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Muka tsince abin da ya fashe,
muka dasa kabeji layi-layi, nawa layin a karkace.
Kafin azahar bayana ya gaya mini
nawa ne ainihin kuɗin ƙwayar wake.
Asarar da za ta karya wuyan mutum ɗaya,
da aka raba ta gida arba'in da biyu,
kowa ya sa tasa a aljihu ya tafi.

Oktoba ta rama.
Kabewa har ba wurin ajiya,
ɗaya a kan kujera, biyu ƙarƙashin gado.
Araksi ta sauko da tukunyarta da kanta,
ta zauna inda Colette ke zama,
ta ce gishirina ya yi yawa.
'Yata ta zo Lahadi, ta ci, ta ƙara,
ta share kwano da burodi, ba ta ce uffan ba.

Yau ga Fabrairu kuma.
Tudun fari fat, babu alkawarin komai,
ƙanƙarar baɗi ba ta aiko da saƙo ba.
Na zo da wuri don in riga kowa.
Solange ta miƙo takarda da hannunta mai kanta,
na tarar an riga ni.
A layin farko, da rubutun da na sani tun tana aji ɗaya,
sunan 'yata.
A gefe ta ƙara, ƙanana:
"Birin ya sauko, Baba."