Ratar da Ake Bar wa Katako

A Dalcahue ruwan sama ba baƙo ba ne.
Nan nake sassaƙa jiragen masunta tun ina ɗan sha huɗu,
kuma abin da tsoho Belarmino ya fara koya mini shi ne:
kada ka matse katako da ɗan'uwansa,
bar musu rata ko da kaurin farce,
in sun sha ruwa kumbura za su yi.
Wanda ya haɗe bakinsu tun a tudu
a tsakiyar teku zai ji kukansu.

Ƙafafuna baka ne ba kibiya.
Haka na uwata, Eduvina, da take tafe tana rangaji
kamar tsibirin nan ne ke juyawa da ita.
Mun ɗauka fasalin gidanmu ne kawai,
ashe wani manzo ne a cikin jini
yake kai wa ƙoda saƙon ƙarya:
zubar da gishirin ƙashi, ba a bukatarsa.
Ita kuma ta yi ta zubarwa, shekara da shekaru.

Millaray,
ban bar miki gona ba, ban bar miki tumaki ba,
wannan na ba ki tun ba ki sha iskar duniya ba.

Maɗigarki ta rufe da wuri, muka yi murna,
Griselda ta ce yarinyar nan akwai ƙwari.
Maƙwabta na tsokana:
'yar masassaƙi, har kanta jirgi ne,
dogo daga goshi zuwa ƙeya.
Na yi dariya tare da su. Allah ya yafe mini dariyar nan.

Sai asuba ta zama abokiyar gaba.
Ki farka kina dafe da kai da hannu bibbiyu,
ki amayar da madarar jiya,
ki ce a kashe taga, hasken na cizo.

Muka haye mashigin Chacao cikin hazo.
A Puerto Montt Dakta Oyarzo ta leƙa idonki da 'yar fitila,
ta daɗe tana leƙe, kamar mai neman guga a rijiya.
Ta ce ɗinkin ƙoƙon kai ya haɗe kafin lokaci,
ƙwaƙwalwa na girma, ɗaki ya ƙi ƙaruwa,
har jijiyar gani ta fara kumbura.
Ta ɗauki biro za ta zana mini.
Na ce bari, likita,
na san abin da katako ke yi in an hana shi rata.

Awa shida na zauna a baranda
hannuwana a kan gwiwa, ba guduma, ba kurfi,
wasu na can suna kwance abin da jinina ya ƙulla,
suna buɗe miki sarari a rufin kai.

Yau wata biyar.
Tabon ya bi ta kanki daga kunne zuwa kunne,
a karkace, kamar sawun kaguwa a yashi,
gashi ya fara binne shi.
Allurar wata na nan, ƙafa ba ta gama miƙewa ba,
ba a ce mana an gama ba.

Amma ɗazu kin shigo rumfar aiki,
kin tura ɗan yatsa tsakanin katako biyu,
kika ce, Baba, ka manta nan, ga rami.
Na ce ban manta ba.
Miƙo mini igiyar toshi, ki zauna nesa da zarto.