Mai Karanta Mita a Lamjung

Aikina hawan dutse da ɗan littafi a hammata,
gida-gida ina leƙa mita
kamar mai sauraron bugun zuciya.
Kogin garinmu ba ya barci.
Mun ɗaure masa ƙugu da bututu,
yana juya mana inji tun shekarar da aka yaye 'yata.

Wata ɗaliba ta hauro daga Kathmandu,
takalmanta ba su san taɓo ba.
Ta ce, "Kawu, a lambobinka wa ke gaba?
Wuta ce ta jawo arziki,
ko arziki ne ya aika a kira wuta?"

Na kai ta gidan Sukmaya,
wadda ta niƙa tamba da hannu har kafaɗa ta gaza.
Wuta na zuwa ta ci bashin injin niƙa.
Yau ƙauyuka uku ke jibge buhu a ƙofarta,
mitarta na gudu kamar akuyar da ta tsinke igiya.
Ɗaliba ta rubuta: wuta ce gaba.

Na kai ta gidan Tek Bahadur,
wanda ɗansa ke dakon siminti a wata ƙasa mai zafi.
Nan kuɗi ya fara sallama, ta waya, ran biyar ga wata,
sannan firji ya biyo,
sannan tukunyar shinkafa mai wutsiya.
Ta ja layi a kan abin da ta rubuta.

Saura tsoho Harka, can inda hanya ta gaji.
Ƙwan fitila ɗaya tal.
Shekara goma sha ɗaya yana rataye a kansa,
ko kaza bai ƙara ba.
Amma ƙarƙashin ƙwan nan jikarsa ta yi karatu,
yanzu tana ɗaura wa mutane ruwa a asibitin Pokhara.
Na ce, "Wannan fa, a wane shafi?"
Ta ciji biro.

Muna gangarowa muka tarar ana huɗa a tsanin gonaki,
shanu biyu, karkiya ɗaya.
Na tsaya. Ban ce komai ba.
Na hagu ya yi tuntuɓe, na dama ya durƙusa.

Da yamma ruwa ya ja baya,
fitilun gari suka yi jajaja kamar idon mai zazzaɓi.
Injin Sukmaya ya yi tari, ya yi shiru.
Ɗaliba ta rufe littafinta,
ta tambaye ni inda ake sayar da kyandir.